Tambaya da Amsa: Caja na kuka, rediyo na shuuu, wace ƙara ce abin tsoro?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato ƙarar da kayan wuta ke yi a gida, caja ce, kwan fitila ne, talabijin ne, har da na'urar masallaci, to sai na ga gara in haɗa su wuri ɗaya tunda tushensu ɗaya ne. Kamar kullum ban sa sunan kowa ba, unguwa kawai.

Wata baiwar Allah daga Mabera ta rubuto:

"Salam Malam, don Allah cajar wayata ce in dare ya yi tsit sai in ji tana wani kuka siriri tsiiii, musamman in waya ta cika ko na cire wayar na bar cajar ga soket. Ɗiyata ta ce har ciwon kai shike sa mata, amma maigida ya ce shi bai jin komi, wai mu ad da tsoro. Shin wagga caja gobara za ta yi ko mi?"

Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, in dai kukan siriri ne haka, kuma cajar ba ta yin zafin da hannu zai kasa riƙewa, ba ta wari, to ba alamar gobara ba ce. Kuma ke da ɗiyarki kuna da gaskiya, maigida ma yana da gaskiya, don kunnen ɗan Adam yana jin ƙarar da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa kusan sau 20,000 a sakan ɗaya, amma wannan na saman yara ne ke kai shi, da shekaru sun ja sai kunne ya fara sakin siraran ƙararraki, magidanta da yawa ko 15,000 ba sa kaiwa. Shi ya sa yarinya ke toshe kunne babanta na zaune kusa da soket ɗin bai san ana yi ba.

Bari in ɗan buɗe miki cikin cajar da baki don ki san daga ina kukan ke fitowa. Wutar nepa da ke shigowa gidajenmu bolt 230 ce in ta zo daidai, kuma tana kai da komo sau 50 a sakan, ita kuwa waya bolt 5 take so, ko 9 ko 12 in mai saurin caji ce, kuma miƙaƙƙiya wadda ba ta juyawa. A da, masu tuna adaftar rediyo mai nauyi irin ta shekarun baya, tiransifoma ce ta ƙarfe da tarin wayar tagulla ke sauke wutar, shi ya sa take da nauyi tana kuma yin gurnani buuu mai kauri, ƙarfen cikinta ne ke motsi sau 100 a sakan, ninki biyu na wutar. Cajar yanzu ba haka take aiki ba. Tana fara miƙar da wutar ta tara ta a cikin kafasita, wato ɗan ma'ajin wuta, a nan tana kai wajen bolt 325, sai wani ɗan tiranzista ya riƙa kunnawa yana kashewa da saurin da ya kai sau 50,000 zuwa sama da 100,000 a sakan, yana tura wutar gutsure-gutsure ta cikin wata 'yar mitsitsiyar tiransifoma wadda ba ta fi kan babban yatsa ba. Wannan saurin shi ya sa caja ta zama ƙarama ba nauyi, kuma wannan tsarin ne a cikin cajar laftof da dikoda da talabijin ta bango da kwan LED, kusan duk abin da aka saya a 'yan shekarun nan.

Toh kin ga sau 50,000 ya wuce jin kowa, har ɗiyarki, saboda haka lokacin da waya ke shan caji sosai shiru za ki ji. Matsalar tana zuwa ne in waya ta cika. Ki ɗauka mutum ne ke cika randa da 'yar moɗa, randa na wofi yana ta zubawa ba tsayawa, da ta kawo baki sai ya koma ya zuba biyu-uku ya dakata, ya sake zuba biyu-uku ya dakata. Haka caja ke yi don kada ta ɓata wuta a banza, kuma wannan zubawa da dakatawar yawansa na iya faɗowa cikin dubu 2 ko 5 ko 10 a sakan, daidai inda kunne ya fi kaifi. Duk zubi ɗaya 'yar tiransifomar da wayoyin da aka naɗe a jikinta suna ɗan girgiza saboda maganaɗisu, akwai kuma wasu ƙananan kafasitoci na tangaran da jikinsu ke motsi in wuta ta canza, su ma suna ƙara nasu. Kamfanin da ya damu da aikinsa yana jiƙa tiransifomar da banish ko ya ɗaure ta da gam don ta yi shiru, wanda ke neman arha ba ya yi, amma fa har caja mai kyau ta asali wani lokaci tana ɗan yi.

Abin yi mai sauƙi ne Hajiya, in waya ta cika ki kashe soket ɗin ko ki zare cajar, kuma kada a riƙa kwana da ita a kan katifa ko ƙarƙashin matashi, wannan kam ina roƙon kowa ya daina, ba don kukan ba, don zafin da ba ya samun hanyar fita. In kuwa kin lura kukan ya canza, da can siriri ne yanzu ya yi kauri ko yana yankewa car-car, ko kan cajar ya fara sauya launi, to ki rabu da ita kawai.

Wani matashi mai sana'ar cajin waya a Runjin Sambo:

"Injiniya barka da aiki. Ina da teburin caji, wayoyi kan kai arba'in ga janareta. Kwanan nan ekstenshin guda na yin tas-tas, wani lokaci har in ga ɗan haske ciki, kuma wurin na ɗan wari. Abokina ya ce ai duk caja na ƙara, in bar shi. Gaskiya ne?"

Ɗan'uwa, a'a wallahi, kada ka bar shi ko na kwana ɗaya. Wannan taka ba irin ta Hajiyar Mabera ba ce ko kaɗan, tata girgizar cikin caja ce, taka tartsatsi ne, wuta ce ke tsallake ɗan giɓi tsakanin ƙarfen filogi da ƙarfen soket saboda ba su kama juna da kyau ba, kuma tartsatsin nan zafinsa na narkar da roba, robar in ta ƙone ta zama gawayi, gawayin kuma yana wuce da wuta, sai abin ya riƙa ƙaruwa da kansa. Hasken da ka gani da warin da ka ji sun isa hujja.

Kuma ba yawan wayoyin ne ya jawo ba, mutane da yawa nan suke kuskuren lissafi. Cajar waya ɗaya wat 10 zuwa 25 take ja, arba'in ɗinka gaba ɗaya da ƙyar su kai abin da dutsen guga ɗaya ke ci. Abin da ke kashe ekstenshin a teburin caji shi ne sa da cirewa daga safe har dare, da kuma cusa caja mai ƙafa biyu zagayayyu a soket mai rami uku masu kusurwa, ka san yadda ake yi, a sa tsinke ko murfin biro a ramin sama a danne ƙofar sannan a tura cajar da ƙarfi. Ƙarafan ciki ba don wannan ƙafar aka yi su ba, suna buɗewa su saki, sai ka ga caja na lilo an tokare ta da dutse ko an ɗaure da kyauro don ta kama. Duk soket ɗin da sai an tokare shi yake aiki ya riga ya mutu. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ramukan ta zauna, da damina ta kawo danshi sai ta zama hanyar wuta ita ma.

Ka cire wannan ekstenshin yau, ka nemi mai wayarin ya haɗa maka soket na bango masu kyau a jikin katako mai kauri da waya mai kauri da fis ko bireka a gaba, ya fi maka jerin ekstenshin da aka sarƙa wani a cikin wani. In ka tada janareta ka bari ya daidaita kafin ka kunna teburin, in mai ya kusa ƙarewa ya fara shaƙewa yana tashi yana sauka ka kashe teburin tukuna, wannan hawa da saukar yana wahalar da cajoji. Ka ajiye bokitin yashi kusa, kuma in Allah ya kiyaye wuta ta kama, janareta za ka fara kashewa, kada ruwa ya zo kusa da abin da ke da wutar lantarki a jiki. Wayoyin nan amanar mutane ce a hannunka, ka ɗauki maganar nan da gaske don Allah.

Saƙo daga Gwadabawa, jika ne ya rubuto a madadin kakansa:

"Malam, Baba ya ce in tambaye ka. Tun da anka sa muna sola da ƙwayayen fitila farare, rediyonai ba ta kama tashoshin waje da dare sai shuuu da ziiii, amma in ya tahi gona da ita tana yi lafiya lau. Ya kai ta wurin mai gyara sau biyu an ce ba ta da komi."

A gaida Baba da kyau, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Mai gyaran ya faɗi gaskiya, rediyon Baba lafiyarta ƙalau, gidan ne ya cika da hayaniyar da kunne ba ya ji amma rediyo na ji. Wancan kunnawa da kashewa da na yi wa Hajiya bayani, duk sanda tiranzista ya datse wuta farat ɗaya yana watsa igiyoyin rediyo, ba a kan saurinsa kaɗai ba, har ninkinsa biyu, uku, goma, ɗari, suna hawa har su shiga matsakaicin zango da gajeren zango inda Baba ke neman BBC da RFI, su kuma wayoyin da aka ja a ɗaki sai su zame musu eriya. Tashar da ta taso daga wata ƙasa ta iso Gwadabawa a gajiye, kwan fitilar kuwa yana saman kan Baba, dole ya danne ta. FM ba ta cika damuwa ba saboda tana can sama tsakanin 88 da 108, kuma yadda ake ɗora murya a kanta ya sa irin wannan hayaniyar ba ta kama ta sosai, shi ya sa za ku ga tashoshin cikin gari na fita tas amma na waje sun nutse.

A ƙa'ida kowace caja da kowane kwan LED ya kamata a sa masa matatar da ke tare wannan hayaniyar, ɗan kwayil da kafasita biyu-uku, amma a masu arha in ka buɗe za ka ga gurbinsu a jikin allon da zanensu da lambarsu, wurin kuwa fayau, an tsallake su don a rage kuɗi. Wannan abu yana ɓata min rai, don wanda ya yi kayan ya san abin da ya cire, mai saye ne bai sani ba.

Ga yadda za ka taimaki Baba. Da dare ka kunna rediyon da batir a kan tashar da ke shuuu, ka riƙa kashe kaya ɗaya bayan ɗaya, kwan ɗaki, kwan tsakar gida, cajar waya, inbata in akwai, har na'urar da ke tsakanin faifan sola da batir, duk wanda ka kashe ƙarar ta faɗi to shi ne. Ko ka ɗauki rediyon ka zagaya da ita, tana matsowa kusa da mai laifin ƙarar na ƙaruwa. Sau da yawa kwai ɗaya ne ko biyu, a canza su da wani samfuri a gwada. In inbata ce, Baba ya riƙa sauraro nesa da ita da wayoyinta, ko taku goma na kawo bambanci, kuma ya bar rediyon a kan batir kada a haɗa ta da adafta. A matsakaicin zango juya jikin rediyon kanta yana taimakawa, don eriyar wannan zangon sanda ce a kwance a ciki, ba ta ƙarfen da ake zarowa ba.

Daga kwamitin wani masallaci a Arkilla:

"Muna sa karatu daga waya zuwa amfilifaya kafin wa'azi. In wayar na caji sai lasifika ta ɗauki ziiii, in an cire caja ta yi shiru. Kuma mai riƙe wayar ya ce yana jin ɗan tsiko ga gefenta."

Allah ya saka muku da alheri. Hayaniyar cajar ce ke bin wayar sauti ta shiga amfilifaya, shi kuma aikinsa ya ƙara wa duk abin da ya shigo ƙarfi, karatu da hayaniya duka. Mafi sauƙi a cika wayar tun kafin lokaci a cire caja, ko a yi amfani da fawa bank tunda shi ba ya haɗe da wutar bango. Tsikon kuma daga wani ɗan kafasita ne da ke tsakanin ɓangaren babbar wuta da ɓangaren waya, yana barin wuta 'yar kaɗan ta wuce, a caja mai kyau ba ta kai ta cutar ba, an fi jinta in mutum ba takalmi a kan siminti. Amma masallaci wuri ne na alwala da jiƙaƙƙen hannu, in tsikon ya kai ga fizga ko makirufo ma na yi, a jefar da cajar a kira mai wayarin ya duba wayar at ta ginin, wato wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, gine-gine da yawa ramin soket na uku ba a haɗa shi da komai ba. Kuma kada wani ya ba ku shawarar karya ƙafar filogi ta uku wai don ƙara ta tafi, ita ce kariyar mai riƙe makirufo.

Wani magidanci daga Gawon Nama:

"Talabijin ɗina shekara huɗu lafiya, bayan zafin bana ta fara wani kuka, yanzu in an kunna sai ta yi tik tik tik, jan haske na ƙiftawa, sai an jima ta kawo. Da safe ta fi yi. Sabuwa zan saya?"

Alhaji kada ka yi saurin sayen sabuwa, wannan alamun kusan kullum kafasitocin allon wuta ne, kuma gyaransu bai kai kuɗin cefanen kwana biyu ba in aka dace da mai gyara na kirki. Waɗannan kafasitocin masu kama da ƙaramin gwangwani akwai ruwan sinadari a cikinsu, zafi na busar da shi a hankali. A jikinsu za ka ga an rubuta 85 ko 105, iyakar zafin da aka yi su dominsa ke nan, kuma ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsu biyu. To ka duba Sakkwato a watan Afrilu da Mayu, waje ya haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ya fi haka, talabijin na manne da bango an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura, ita ma tana fitar da nata zafin, kafasitar da za ta yi shekara goma a ƙasa mai sanyi a nan ba za ta kai ba.

In sun bushe ba sa iya riƙe wuta ta tsaya cak, sai allon ya yi ta ƙoƙarin daidaitawa, kukan da ka fara ji ke nan. Tik tik ɗin kuma allon ne ke tashi, ya ga wutar ba ta kai ba, ya kashe kansa, ya sake gwadawa. Dalilin da ya sa ta fi yi da safe shi ne kafasitar da ta gaji tana ɗan farfaɗowa in ta ɗumama, zafi ne ya lalata ta amma sanyi ke tona ta, za ka ga in hunturu ya shigo abin zai ƙaru. Mai gyara in ya buɗe sau da yawa da ido ma ana gani, kan gwangwanin da ya kamata ya zama a shafe ya kumbura ya yi tozo, wani har da ɗan busasshen ruwan ƙasa-ƙasa a bakin tsagar. Ka ce masa ya sa masu lamba 105, ƙarfinsu daidai da na da, bolt ɗinsu daidai ko sama, kuma ya canza duk na layin ba wanda ya kumbura kaɗai ba, don tare suka sha zafin. Kada ka ci gaba da tilasta mata tana tik tik har wata da watanni, daga nan ne ake ƙona abin da ya fi tsada.

Kai da kanka kuwa kada ka buɗe, ko yaran gida masu son kwance-kwance, babbar kafasitar nan tana iya riƙe sama da bolt 300 bayan an zare filogi. In an gyara, a bar tazara tsakaninta da bango, ƙyallen ƙura a riƙa cire shi duk sanda take kunne, dikodar ma a sauke ta daga kan abin da ke zafi.

Na ƙarshe a gurguje, wata malamar makaranta daga Bodinga ta ce fankarta shiru take a wutar nepa amma da an koma inbata sai ta kama gurnani. Malama, inbatarki mai wutar tsalle-tsalle ce, maimakon wutar ta hau ta sauka a hankali sai ta riƙa hawa mataki-mataki, injin fanka kuma yana jin kowane mataki, yana gurnani yana ƙara zafi. Cajar waya da ta laftof yawanci suna jurewa tunda su miƙar da wutar suke fara yi, amma fanka da firji da famfon ruwa suna shan wahala. In za ki sake saye ki tambayi wadda masu sola ke kira fiyo sayin wef, wato mai wutar da ke hawa da sauka a hankali irin ta nepa, kafin nan kuma in da hali ki nemi fankar DC mai aiki kai tsaye daga batir, ki riƙa taɓa kan injin tsohuwar lokaci-lokaci, in ya yi zafin da hannu ba ya jurewa ki kashe ta huta.

Masu tambaya a kan sitabilaiza da ke ƙwas-ƙwas in wuta ta zo ba ƙarfi, saƙonninku sun iso, su ne na mako mai zuwa in Allah ya kai mu.